Suna Linzami: Tsakanin Tsarin Gida da Mizanin Duniya a Sunayen Umarnin Manhaja

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin kimiyyar harshe da ya fara sarrafa matani da kwamfuta, ko don ƙirga kalmomi ko don tsara ƙamus, ba ya daɗewa sai ya ci karo da abin da ya saba gani a darasin tasarifi, wato sunayen da ba su bin ƙa'ida. A harshen shirya manhaja na Python, wanda masu nazarin harshe suka fi rungumarsa, ana koya masa cewa sunan umarni da ƙananan baƙaƙe ake rubuta shi, a raba kalmominsa da layin ƙasa, kamar read_text. Bai yi nisa ba sai ya ga getLogger, ya ga assertEqual, ya ga mkdir, dukkansu a cikin kayan da harshen yake zuwa da su. Abin da zai fara zo masa a rai shi ne sakaci aka yi. Wannan maƙala za ta nuna cewa galibin irin waɗannan sunaye sakamakon zaɓi ne tsakanin wajibai guda biyu masu karo da juna: kiyaye tsarin gida, da jituwa da mizanin da duniya ta riga ta amince da shi. Za ta kuma nuna cewa matsalar ta iso ƙofarmu, domin a 2025 Kundin Sake Gina Ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma duk kayan aikin da za a gina wa harshen sai an raɗa wa sassansu suna.

2.0 Ma'anar Kalmomi

Kalmomi uku za su yi ta maimaituwa. Rumbu a nan yana nufin tarin ayyukan da wasu suka riga suka rubuta suka adana, domin mai shirya manhaja ya ɗiba ba tare da ya sake noma su daga farko ba. Umarni shi ne kowane aiki guda da ke cikin rumbun, wanda ake kira da sunansa ya aikata, kamar buɗe fayil ko mayar da baƙi babba. Mizani kuwa yarjejeniya ce rubutacciya da wata hukuma ta fitar domin manhajojin da ba su san juna ba su fahimci juna, kamar Unicode na haruffa, da ISO 639 na lambobin harsuna, da POSIX na tsarin sarrafa kwamfuta, da DOM na shafukan intanet.

Bambancin suna a manhaja da suna a bakin mutane shi ne kwamfuta ba ta da kara. Bahaushen Matameye zai fahimci na Daura ko da ɗaya ya ce duwan ɗaya ya ce kwastan. Kwamfuta kuwa idan aka canza baƙi ɗaya tak a sunan umarni, sai ta tsaya cik. Saboda haka da zarar suna ya fita duniya, mutane suka gina ayyukansu a kansa, ya zama alkawari.

3.0 Ƙiyasi da Sama'i

Wannan ja-in-ja ba baƙo ba ne ga masu nahawu. Malaman nahawun Larabci sun bambanta ƙiyasi, wato auna sabuwar kalma da ƙa'idar da ta game ƴan uwanta, da sama'i, wato karɓar kalma yadda aka ji ta a bakin masu harshe ko da ta saɓa wa ƙa'idar. An san makarantar Basra, wadda Sibawaihi ya fito daga cikinta, da ƙarfafa ƙiyasi, an kuma san ta Kufa, ta su Kisa'i, da faɗaɗa karɓar abin da aka ji.

A Hausa ma haka abin yake. Ƙiyasi ne ya ba mu mota da motoci, taga da tagogi, har baƙuwar kalma ta shigo yau a yi mata jam'i gobe ba tare da an tambayi kowa ba. Sama'i ne ya ba mu mace da mata, akuya da awaki, sa da shanu. Amfanin ƙiyasi shi ne sauƙin koyo: wanda ya san ƙa'ida zai iya hasashen abin da bai taɓa ji ba. Amfanin sama'i shi ne jituwa da waɗanda suka riga mu: wanda ya gyara jam'in mace ya bi ƙa'ida zai wayi gari yana magana shi kaɗai.

Mai gina rumbu yana tsakanin waɗannan biyun. Idan duk sunayensa suka bi tsari ɗaya, mai amfani da ya ga read_text zai yi hasashen write_text, kuma ya dace. Idan kuwa rumbun yana aiwatar da wani mizani ne, to akwai dubban mutane da suka haddace sunayen mizanin, da littattafan da aka wallafa a kansu, da tsofaffin manhajojin da ke kiransu. Gyara sunan ya dace da gida yana raba rumbun da duk waɗannan.

4.0 Inda Saɓanin Yake Fitowa

4.1 Sunayen gado

A 2001 ne Guido van Rossum da Barry Warsaw suka rubuta PEP 8, takardar da ta shimfiɗa salon rubutun Python. Ita ce ta zaɓi ƙananan baƙaƙe da layin ƙasa, salon da ake kwatanta shi da maciji, a kan salon da ake ɗaga baƙin farko na kowace kalma a tsakiyar suna, wanda ake kwatanta shi da tozon raƙumi. Amma a wannan shekarar ce rumbun gwaji na unittest ya shiga Python, kuma an ƙera shi ne bisa samfurin JUnit na harshen Java, don haka ya zo da setUp da assertEqual. Rumbun logging da ya shigo a 2003 ya ɗauki darasi daga log4j, shi ma na Java, ya zo da getLogger. Rumbun os ya riƙe sunayen POSIX yadda suke, irin su mkdir da chmod da getcwd, gajeru masu haɗiye wasula, domin duk wanda ya san Unix ya gane su nan take. Rumbun xml.dom.minidom kuwa ba shi da zaɓi: aikinsa shi ne aiwatar da DOM, kuma DOM ne ya ce getElementsByTagName da appendChild.

Waɗannan su ne kalmomin aro na manhaja. Sai dai Hausa idan ta ari kalma takan yi mata kwaskwarima, ta mayar da ita teburi ko asibiti. Manhaja ba ta da wannan damar a kowane lokaci, domin darajar aron tana cikin barinsa yadda ya zo. PEP 8 da kanta ta yarda da haka: ta fifita daidaito a cikin rumbu guda a kan daidaito da takardar, ta kuma hana a karya tsofaffin ayyuka don kawai a bi salonta.

4.2 Sunan da wani ya riga ka

Wani lokaci sunan da ƙiyasi ya nuna yana hannun wani. Masu tsara mizanin JavaScript sun so su kira umarnin da ke duba ko wani abu na cikin jeri da suna contains, wanda DOM ya riga ya saba da shi. Sai aka tarar wani tsohon rumbu mai suna MooTools, wanda shafuka da yawa suka dogara da shi, ya riga ya cusa nasa contains, kuma sabon yana lalata shafukan. Dole aka koma includes. A 2018 tarihi ya maimaita kansa: flatten ya koma flat saboda wannan rumbun dai. Sakamakon haka, a yau tambaya ɗaya tana da sunaye uku a JavaScript: includes ga jeri da matani, has ga tari, contains ga DOM. Mai koyo yana wahala, amma shafukan da masu su suka daɗe da barin kula da su suna nan suna aiki. Masu mizanin sun ga cewa garin neman gira ana iya rasa ido.

4.3 Kuskuren da ya zama doka

Akwai kuma kuskure tsantsa da ya daskare. A takardar RFC 1945 ta 1996, wadda ta bayyana tsarin HTTP, an rubuta Referer da r ɗaya a tsakiya maimakon biyu. Har yau haka kowace manhajar shiga intanet take aika shi, alhali DOM yana da document.referrer da rubutu daidai. Unicode ma tana da irin nasa. Ƙa'idarta ita ce sunan harafi ba ya canzawa bayan an wallafa shi. Harafi mai lamba U+FE18 yana ɗauke da BRAKCET a sunansa, baƙaƙe biyu sun yi musayar wuri, kuma haka zai zauna. Harafi U+01A2 an raɗa masa OI alhali GHA ya kamata.

5.0 Hanyoyin Sulhu

Hanya ta farko ita ce laƙabi. Bahaushe ya san sunan yanka ba ya goguwa, amma ana iya yi wa mutum laƙabin da zai fi sunan tashe. Unicode ta bi wannan hanya: ta bar OI a matsayin sunan yanka, ta yi rajistar GHA a matsayin laƙabi. Python ma a 2008 ta ƙara current_thread kusa da currentThread a rumbun threading, duka biyun suna aiki ɗaya. Illar laƙabi ita ce yana ninka ƙamus, kuma mai karatu yakan ɗauka sunaye biyu ayyuka biyu ne.

Hanya ta biyu ita ce sallama sannu a hankali. Ana fara sanar da cewa tsohon suna ya kusa ritaya, a riƙa nuna gargaɗi duk lokacin da aka kira shi, sai bayan shekaru a cire shi. Laƙabin assertEquals an yi masa wannan sanarwa a Python 3.2 ta 2011, ba a cire shi ba sai a Python 3.12 ta 2023. Shekara goma sha biyu ke nan domin baƙi ɗaya. Wannan hanya tana yiwuwa ne kawai ga sunan da rumbu ya mallaka. Sunan mizani ba na mai rumbu ba ne balle ya sallame shi.

Hanya ta uku ita ce ƙofa biyu. Python ta bar minidom ga masu buƙatar DOM, ta kawo ElementTree a 2006 da sunaye irin na gida kamar findall. Ta bar os, ta kawo pathlib a 2014. Kowace ƙofa tana da daidaito a cikinta, mai shiga ya zaɓi wadda ta dace da aikinsa.

Hanya ta huɗu ita ce tafinta a bakin iyaka. A 1989 mizanin ISO 639 ya canza lambar Ibrananci daga iw zuwa he, ta Indunusiyanci daga in zuwa id. Java ta ci gaba da mayar da tsofaffin lambobin ta umarnin getLanguage har zuwa fitowa ta 17 a 2021, domin kada tsofaffin manhajoji su karye. Amma tun 2011 ta ƙara toLanguageTag, wanda aikinsa shi ne fitar da lambar yadda mizanin duniya yake so. Cikin gida ana magana da tsohon harshe, a bakin ƙofa tafinta ya juya.

6.0 Lamarin Hausa

6.1 Iyaka ɗaya, rubutu biyu

Matameye tana kan hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam zuwa Daura da Kano. Littafin da aka buga a Zariya da wanda aka buga a Yamai suna haɗuwa a jakar ɗalibi ɗaya. Harshen ɗaya ne, amma tarihin rubutunsa biyu ne. A Nijeriya baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, sun zauna tun shekarun 1930, sai dai na huɗunsu ya tsaya a matsayin 'y. A Nijar taron da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 shi ya zama tushe, kuma littattafan yaƙi da jahilci sun yi zamani suna ninka wasali domin nuna tsayinsa. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da tsarin biyu, aka bar ninka wasali, amma ƴ ta zauna, kuma dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar da ita.

Idan aka dubi lamarin da idon ƙiyasi, ƴ ce ta fi dacewa, domin ta cika sahun ƴan uwanta uku. Idan aka dube shi da idon sama'i, 'y tana da tarin jaridu da littattafan da aka buga da ita shekara da shekaru. Sunayen garuruwa ma haka: ƙa'idar Hausa ta ce Kance da Tasawa da Dogon Dutsi, takardun hukuma da taswira sun ce Kantché da Tessaoua da Dogondoutchi. Wanda ya gyara sunan a takardar haihuwa don ya bi ƙa'ida zai sha bayani a gaban ma'aikacin iyaka.

6.2 Lambobin harshe da na ƙasa

Lambar Hausa a ISO 639 ita ce ha, ko hau idan baƙaƙe uku ake so. Mizanin BCP 47 yana haɗa ta da lambar ƙasa da ɗan layin tsakiya: ha-NE ga Nijar, ha-NG ga Nijeriya, ha-Arab ga ajami. Tsarin POSIX da tsohon salon Java kuwa layin ƙasa suke sa wa, ha_NE. Rumbun da ya karɓi ɗaya ya ƙi ɗaya zai jefar da rabin masu zuwa masa. Akwai kuma tarko: ne da ƙananan baƙaƙe a gurbin harshe lambar harshen Nepal ce, kuma NIG da ake gani a wasannin Olamfik Nijar ce, alhali a ISO 3166 Nijar NER ce, Nijeriya NGA. Mai rumbun da ya ƙirƙiro nasa gajerun sunayen domin sun fi masa daɗin gani ya ƙara itace ne a wutar da ke ci.

6.3 Ƙugiya a Unicode

Ko a cikin Unicode baƙaƙenmu huɗu ba su zauna a layi ɗaya ba. Ƙ da ƙ maƙwabta ne, U+0198 da U+0199. Haka Ƴ da ƴ, U+01B3 da U+01B4. Amma Ɓ tana U+0181, ƙaramarta ɓ tana can U+0253 cikin haruffan IPA. Ɗ tana U+018A, ɗ tana U+0257. Wanda ya yi ƙiyasi da biyun farko ya ce babban baƙi kullum yana gaban ƙaraminsa da mataki ɗaya, zai lalata duk kalmar da ke da ɓ ko ɗ.

Misalin da ya fi kusa da batunmu shi ne normalize. A Python da Java da JavaScript, idan ana maganar daidaita haruffa, wannan suna yana da ma'ana guda da Unicode ta ƙayyade: daidaita harafin da ake iya rubutawa ta hanya biyu, kamar é da ake iya shigarwa a dunƙule ko a matsayin e da alamarta. Baƙaƙe masu ƙugiya ba su rarrabuwa haka, kuma a idon Unicode babu dangantaka tsakanin ƴ da 'y. Saboda haka mai binciken da ya tara matani daga ɓangarorin iyaka biyu, ya kira normalize, ya nemi ƴan, ba zai samu ko 'yan ɗaya ba, kuma ƙididdigarsa za ta fito da giɓin da bai sani ba. Rumbun Hausa yana buƙatar umarnin da zai haɗa su. Jarabar ita ce a kira shi normalize, tunda sunan ya shahara. Wannan shi ne mafi munin zaɓi, domin suna ɗaya mai aiki biyu ya fi sunaye biyu masu aiki ɗaya haɗari: na biyun yana gajiyar da mai koyo, na farkon yana ɓata sakamako a ɓoye.

6.4 Idan da Hausa za a raɗa sunan

Tun Python 3 ta 2008 ana iya rubuta sunan umarni da haruffan Unicode. Ke nan ƙirga_kalmomi suna ne karɓaɓɓe, haka ma duk sunan da ya fara da ƴ. Amma alamar ɗaurin da ke kan allon rubutu, wadda ake sa wa a 'ya'ya da ma'ana da jam'i, ba ta shiga suna, domin a Python buɗe zance take yi. A nan rubutun Nijar ya samu rinjayen da masu taron Bamako ba su yi mafarkinsa ba. Hamza kuwa tana nan da matsalarta a ɓangarorin biyu, sai dai a koma ga harafi U+02BC, wanda Unicode take ɗauka baƙi ne cikakke, amma ba kowane allon rubutu yake da shi ba.

7.0 Abin da Ya Kamata Mai Gina Rumbun Hausa Ya Kiyaye

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji huɗu. Na farko, a tambayi wane ne mai sunan. Idan mizani ne ya raɗa shi, kamar ha-NE ko NFC, a bar shi yadda yake ko da ya saɓa wa salon gida. Idan aikin na rumbun ne, a bi ƙiyasin gida ba tare da togiya ba. Na biyu, kada a ari sunan mizani a ɗora wa aikin da ya bambanta da nasa. Umarnin da ke mayar da 'y zuwa ƴ ya faɗi haka a sunansa, ya kuma nuna ɓangaren da yake juyawa zuwa gare shi. Na uku, a karɓi siffofi da yawa a bakin ƙofa, a riƙe siffa ɗaya a ciki, a kuma adana asalin matanin yadda marubucinsa ya rubuta shi, domin bambancin rubutun shi kansa bayani ne ga mai nazarin karin harshe. Na huɗu, a yi jinkirin raɗa suna. Kafin rumbu ya fita, canza suna aikin minti ɗaya ne. Bayan ya fita, mun ga yadda baƙi ɗaya ya ci shekara goma sha biyu.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa saɓanin sunaye a rumbunan manhaja yana fitowa ne daga gado, ko daga sunan da wani ya riga ya kama, ko daga kuskuren da ya daskare, kuma ana sulhunta shi ta laƙabi, ko sallama a hankali, ko ƙofa biyu, ko tafinta. Ta kuma nuna cewa Hausa, da rubutunta biyu da lambobinta da baƙaƙenta masu ƙugiya, tana fuskantar tambayar ta kowace fuska. Allunan rubutu da ƙamusoshi da manhajojin gyaran rubutu da ake gina wa Hausa a yanzu suna matakin da sunayensu ba su daskare ba tukuna. Wannan ne lokacin da shawarar masanin harshe take da arha kuma take da amfani, domin shi ne aka horar ya rarrabe inda ƙiyasi yake da iko da inda sama'i ya riga ya yanke hukunci. Ya kamata ɗaliban wannan sashe su shiga cikin masu wannan aiki tun ana shawarar suna, kada su jira a kira su bayan an watse daga wurin raɗin.